Jirgin Ƙasa: Su Suna Yawon Hutu, Mu Muna Jiran Gada

A majalisar da muke zama bayan sallar Isha'i a nan Ladji, bakin tafkin Nokuwe, an shafe kusan mako guda ana juya labari ɗaya. Wani ɗanmu mai sayo tsofaffin manyan motoci daga Turai ne ya dawo da shi. Ya je ƙasar Ostiriya duba wasu motoci, aka ce masa takardu ba za su fito ba sai bayan kwana uku. Maimakon ya kwanta a masauki yana ƙirga azara, sai ya nufi babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Biyana. Ranar farko ya karya kumallo a Biyana, Azahar ta same shi a Biratislaba, babban birnin ƙasar Sulobakiya, ya dawo ya kwana inda ya tashi. Kashegari ya shiga wani jirgin zuwa Budafest ta ƙasar Hangari, ya kwana ɗaya, ya ga kogin Danub da babbar kasuwarsu mai rufi, ya juyo. Ƙasa uku cikin kwana uku. Abin da ya fi tsaya wa dattawan majalisa a rai kuwa shi ne, yaron ya rantse babu wanda ya ce da shi ya sauko, babu wanda ya buɗe jakarsa, in ban da mai duba tikiti.

Wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana safarar albasa daga Malanbil ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ƙasa uku ka ce ko unguwa uku?" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin kowa a wurin ya san abin da ke tsakaninsa da gadar Gaya.

Ga mai son ya tabbatar, yaron bai ƙara gishiri ba. Tsakanin Biyana da Biratislaba bai wuce kilomita 60 ba, jirgi na cinye shi cikin kimanin awa guda. Biyana zuwa Budafest bai cika awa uku ba, zuwa Firag ta ƙasar Cek kuma kamar awa huɗu ne. Mutanen can sun mai da irin wannan tafiya abin hutun ƙarshen mako: ma'aikaci ya tashi aiki ranar Juma'a, ya rataya 'yar jakarsa, ya je ya kwana biyu a babban birnin wata ƙasa, Litinin da safe yana bakin aikinsa. Mu ba yawon buɗe ido ne ya dame mu ba, ɗan kasuwa da kayansa ke kwance a tashar jiragen ruwa ba ya da zuciyar kallon tsofaffin gine-gine. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da labarin ya tayar. Daga Kwatano zuwa Legas kilomita 120 ne ko kusa da haka, bai kai rabin tafiyar Biyana zuwa Budafest ba. To me ya sa mu ba mu taɓa yin ta a jirgin ƙasa ba, kuma me ya sa wanda ya tashi da safe ba ya iya rantsuwa a kan lokacin da zai isa?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce su masu kuɗi ne, mu talakawa. Wannan gaskiya ce amma guntuwa. Idan mai karatu bai manta ba, ƙasashen nan da ake magana ba a kan shimfiɗa ɗaya suka tashi ba. Har zuwa 1989 waya mai ƙaya ce da sojoji tsakanin Ostiriya da Hangari, ɗaya na ɓangaren Yamma, ɗaya na ɓangaren Tarayyar Sobiyet, kuma an harbe mutane a kan wannan iyaka. A watan Yunin 1989 ne ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Alois Mock da Gyula Horn, suka tsaya kusa da garin Sopron suka datse wayar da almakashin ƙarfe a gaban 'yan jarida. Bayan nan ma ba a kwana aka tashi iyaka ta ɓace ba. Sai a ranar 1 ga Mayun 2004 Hangari da Sulobakiya da Cek da Polan suka shiga Tarayyar Turai, aka kwashe 'yan kwastan daga tsakaninsu da maƙwabta. Sai kuma 21 ga Disambar 2007 suka shiga yarjejeniyar Shengen, aka daina duba fasfo. Wato an yi shekara 18 ana kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu kuma harshensu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba: Ostiriya da Sulobakiya na kashe yuro, Hangari na da forint ɗinta, Cek na da korona.

Mu dubi namu. Benin da Nijar kuɗinsu ɗaya, sefa, babban bankinsu ɗaya. Dendi da Zabarma da Hausa da Fulatanci duk ana jin su a gaɓa biyu na kogin Kwara. Yarjejeniyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba biza har kwana 90, an sa mata hannu tun 1979, shekara shida kafin a sa wa ta Shengen hannu a 1985. A takarda mun riga Turawa. A kan hanya kuwa, direban da ya tashi daga Kwatano zuwa Yamai shi zai faɗa maka shinge nawa ya tsaya, da abin da ya ajiye a kowanne.

Akwai wani abu a tarihin waɗancan ƙasashe da ya kamata a ce shugabanninmu sun karanta. Wani kamfanin jirgin ƙasa ne da ake kira GySEV, wanda aka kafa a 1872, layinsa ya tashi daga garin Gyor na Hangari ya bi ta Sopron ya shiga Ostiriya. Bayan yaƙin duniya na farko aka ja iyaka ta ratsa layin. Bayan na biyu aka kafa waya. Duk da haka kamfanin bai rabu biyu ba, jiragensa ba su daina ƙetare iyakar ba har a tsakiyar zaman doya da manja na Gabas da Yamma, kuma gwamnatocin ƙasashen biyu suna da hannun jari a cikinsa. Suna harara da juna, taragon kaya na wucewa. Mu ma mun taɓa samun kamfani irin wannan, na ƙasa biyu, kuma tasharsa tana nan ba nisa da unguwar Zango, yaranmu na wucewa ta gabanta a kan zemijan ba su san me aka yi a wurin ba.

Faransawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900. Ya bi ta Alada da Bohikon da Dasa, ya isa Sabe kafin yaƙin duniya na farko, ya daɗe a nan, sannan ya kai Paraku a 1936. Kilomita 438 ke nan. Niyyar ita ce a kai shi bakin Kwara, a ƙetara zuwa Yamai. A Paraku ya tsaya, kuma yau kusan shekara 90 bai ƙara taki ɗaya zuwa arewa ba. A shekarun 1950, da gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta yi albarka, Faransawa suka ga ba za su zuba ido tana bin jirgin Ingilishi daga Kano zuwa Legas ba. Sai suka ƙirƙiro wani tsari da suka sa wa sunan tsattsewa, Operation Hirondelle: motoci su kwaso gyaɗa daga gabashin Nijar zuwa Paraku, jirgi ya ƙarasa da ita bakin teku, a kan hanyar komawa kuma su ɗauki kayan da aka shigo da su. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan an sauya sunan ƙasar zuwa Benin a 1975. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta fara aiki a 1965. Daga baya ma'adinin yuraniyom na Arlit ma ta nan ya riƙa fita, mota zuwa Paraku, jirgi zuwa teku.

Iyayenmu da yawa a kan wannan layi suka yi arziki, wasunsu ma shi ya kawo su Kwatano. Kafin shi, fataken Hausa ta Nikki da Zugu suke ratsa ƙasar nan da jakuna zuwa Gwanja neman goro, bakin teku bai dame su ba. Jirgi da tashar ruwa ne suka juya fuskar fatauci daga yamma zuwa kudu, Zango ta cika. Waɗanda suka shiga jirgin fasinja na Paraku suna tuna shi: wuni guda ake yi, wani lokaci har dare, a sayi abarba a Alada ta taga, a sayi doya a wajen Gilazuwe, a isa Paraku da jar ƙura har cikin kunne. Ba jirgin Biyana ba ne, kuma ba ya cika alƙawarin lokaci. Amma mace mai ƙaramin jari tana iya shiga da buhunta biyu, ta san kuɗin da za ta biya tun daga tasha, ba mai tsayar da ita a daji ya ce ta kawo na goro. A tsakiyar shekarun 2000 jirgin fasinjan ya daina tashi.

Me ya kashe shi? Tsufan kawunan jirgi da bashi da rashin gyara duk suna ciki, amma babbar cutar tun ran gini ta samo asali, mu kira ta cutar Paraku. Kayan da za su Yamai ko Maraɗi sai an loda su a tarago a Kwatano, a sauke a Paraku, a ajiye a sito, a jira mota, a sake lodi. Dako biyu, jira biyu, ɓarna biyu, ga ɗan hali da ke rage buhu a tsakani. Muddin hanyar mota ba ta da kyau kuma doka ta tilasta wa kayan Nijar bin jirgi, tsarin na tafiya. Da aka malala kwalta tun daga bakin teku har Malanbil, aka kuma sassauta dokar, sai kowane mai kaya ya yi lissafin da ni da kai za mu yi: tirela ɗaya daga bakin jirgin ruwa har ƙofar sitona. A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin a cikinmu akwai masu motoci da 'yan kamasho da masu sayar da taya da suka ci moriyar mutuwar jirgin. Rabon kayan Nijar da aka yi tsakanin masu motocin ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku ga na Nijar, kashi ɗaya ga na Benin, ya zama abincin dubban gidaje. Ba mu taɓa ganin ƙungiyar masu motoci ta yi zanga-zangar neman a kai dogo Gaya ba.

An zo an yi yunƙuri, kuma wanda ya ga yadda aka yi shi ba zai yi saurin tafa wa wani sabon alƙawari ba. Gwamnatocin biyu sun nemi 'yan kwangila, kamfanin Petrolin na attajirin Benin Samuel Dossou ya yi nasara a 2010. Aikin bai tashi ba. A watan Afrilun 2014 sai ga shugaba Mahamadou Issoufou da Boni Yayi a Yamai suna ƙaddamar da aiki tare da kamfanin Bolloré na Faransa, da maganar wani babban zobe na dogo da zai haɗa Kwatano da Yamai da Wagadugu da Abijan. A 2015 aka miƙa harkar OCBN ga sabon kamfani mai suna Bénirail. Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a watan Janairun 2016, ana dab da zaɓe. Amma tun a ƙarshen 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba Dossou gaskiya ta ce a dakatar da aiki a ɓangaren Benin, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 2017. A 2018 Patrice Talon ya nemi ɓangarorin biyu su janye a ba 'yan Sin. Sakamakon shi ne guntun dogo a kudu, guntu a arewa, a tsakani sama da kilomita 450 daga Paraku zuwa Doso babu komai. Layin Yamai zuwa Doso bai taɓa zama hanyar da ɗan kasuwa zai ɗora buhu a kai ba. Shi kansa Bolloré ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC a ƙarshen 2022.

Ta ɓangaren gabas labarin ya fi ban takaici, don tazarar ba ta da yawa. Faransawa sun kai reshe ta Porto-Novo zuwa Pobe. Ingilishi sun kai nasu reshen zuwa Idogo, kusa da Ilaro. Tsakanin bakin wannan da bakin wancan bai kai kilomita 50 ba. Ko da an haɗa su ma jirgi ba zai wuce ba, domin faɗin layin Benin mita ɗaya ne cif, milimita 1,000, tsohon layin Najeriya kuma 1,067. Bambancin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya isa ya hana tarago tafiya. Kowane Bature ya gina nasa ne don ya jawo amfanin gona zuwa tasharsa, ba don Kwatano ta gaisa da Legas ba. Sabbin layukan Najeriya kuwa 1,435 ne, irin na Biyana da Budafest. Faɗi uku ke nan a ƙasashe uku maƙwabta.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba. A ce yau an wayi gari dogo ya haɗe daga Kwatano har Yamai, da ya tsallake abin da ya faru a 2023? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanbil, ɗaruruwan motoci suka yi layi na kilomitoci, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ce nata zai ci gaba da zama a rufe saboda dalilan tsaro, kuma haka aka ci 2024 aka shiga 2025. Kayan Nijar, waɗanda a da mafi yawansu ta Kwatano suke bi, suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji ta hanyar Kaya da Dori da Tera, hanyar da direbobi suka rasa rayukansu a kanta. Wasu suka riƙa zagayawa ta Segbana su shiga jihar Kebbi su ɓulla ta Kamba. Talaka kuma ya koma wa kwale-kwale, kamar kakansa kafin a gina gada. Ko bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, wanda 'yan Sin suka kashe maƙudan kuɗi a kai, sai da rigimar ta tsayar da lodinsa a 2024. In bututun da ke ƙarƙashin ƙasa bai tsira ba, ina ga jirgin da ke tafiya a sarari?

Ba wannan ne karo na farko ba. Dattawa na tuna rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. Na baya-bayan nan kuma ya fi zama abin misali. A watan Oktoban 2018 Muhammadu Buhari da Talon suka buɗe sabon ginin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake, wanda Tarayyar Turai ta biya kuɗinsa, don a riƙa duba kaya sau ɗaya maimakon sau biyu. Wata goma bayan haka, a Agustan 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba sanarwa, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai a Disambar 2020. Ginin yana tsaye da fentinsa sabo, mutane na bi ta bayansa a cikin daji.

Kada a ɗauka Turawan ba sa taɓa iyakarsu. A 2015, lokacin kwararar 'yan gudun hijira, an dakatar da jirage daga tashar Keleti ta Budafest. A 2020 annobar korona ta sa an rufe ƙofofi, a Satumban 2024 kuma Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa. Mu da muke da baƙar fata mun san wanda ɗan sanda ke fara tambaya takarda in ya shigo tarago, kuma kafin ɗanmu ya ga wannan aljanna ta jirgi sai da ya biya yuro 90 na biza, kusan jika 59 na sefa, ban da layin ofishin jakadanci. Bambancin shi ne, a can idan ƙasa za ta dawo da bincike akwai ƙa'idar da ta ce ta sanar, ta faɗi dalili da wa'adi, kuma ko a tsakiyar korona an bar motocin kaya suna wucewa. A nan kuwa kana barci kayanka na kan hanya, ka farka ka ji a rediyo.

Akwai kuma magana mai ɗaci da ba a cika yin ta a majalisa ba. Wani kaso mai yawa na cinikinmu a kan ita iyakar yake rayuwa. Shinkafar da ake saukewa a Kwatano ta fi ƙarfin cikin mutanen Benin, kowa ya san inda take ƙarewa, musamman tun da Najeriya ta hana shigo da ita ta ƙasa a 2016, ta bi da motoci a farkon 2017. Atamfa da sauran kayan da alhazan Maraɗi suka yi suna da su, da yawansu Jibiya da Kano suka nufa. Man kpayo da ake sayarwa a kwalabe a kowane lungu na Kwatano tallafin man Najeriya ne ya haife shi, shi ya sa da Bola Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023 farashinsa ya yi tsalle a nan cikin 'yan kwanaki. CEDEAO ta fara aiki da kuɗin fito na bai ɗaya a 2015, amma ƙasashe na ɗora nasu ƙarin a kai, kuma a cikin wannan bambanci ribar take. Ranar da aka ce iyakar Seme ta zama kamar ta Ostiriya da Hangari, kuɗin fito ɗaya a Kwatano da Apapa, ranar wasunmu za su nemi wata sana'a. Muna son jirgin da ba a tsayar da shi, muna kuma son tazarar farashin da tsayarwar ke kawowa, alhali ba a gudu ana susar takashi. A ganinmu mai sayar da albasa da wake da dabbobi da gari, wanda kayansa na halak ne kuma lokaci ne maƙiyinsa, shi ne zai ci riba in hanya ta buɗe, kuma shi ne mafi yawa a cikinmu, ko da yake ba shi ne mai babbar murya ba.

Wannan ya kawo mu ga aikin da ya kamata kowane ɗan kasuwar Zango da Dantokpa da Malanbil ya sa wa ido, wato dogon Kano zuwa Maraɗi. An ƙaddamar da shi a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi, kilomita 284, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. An sha ɗaga ranar gama shi. Masu shirin ba su ɓoye niyyarsu ba: kayan Nijar su koma tashoshin Legas. Wato abin da Faransawa suka ƙwace daga jirgin Kano a shekarun 1950, shi Najeriya ke son ta dawo da shi.

Shin mu tsorata? Mu yi lissafi tukuna. Daga Maraɗi zuwa Kwatano ta Doso da Gaya kimanin kilomita 1,400 ne. Daga Maraɗi zuwa Legas ta Kano ma kusan haka ne. Nisa ba zai raba gardama ba. Abin da zai raba ta shi ne kwana nawa kwantena ke yi kafin ta fita daga tasha, da hannu nawa ke taɓa ta a hanya. A nan Najeriya na da nata aikin a gaba. Sabon layi mai faɗi ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ya haɗa Legas da Ibadan a 2021, an fara na Kaduna zuwa Kano a shekarar, amma tsakanin Ibadan da Abuja akwai babban giɓi. Tsohon layin da ya isa Kano tun 1911 siriri ne, taragonsa ba zai hau sabon ba. Muddin haka ne, kwantenar Maraɗi sai an sauke ta an sake lodi a Kano ko wani wuri, cutar Paraku ke nan ta sauya gari. Ga kuma tsaro: harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, inda aka kashe fasinjoji aka sace gommai, ya tsayar da layin har Disambar shekarar, kuma dazukan Jibiya ba baƙi ba ne ga 'yan bindiga.

Duk da haka kada mu yi sake. Ko bai kai teku ba, jirgin da ya haɗa Kano da Katsina da Maraɗi ya haɗa kasuwar Dawanau da Kantin Kwari da kasuwar Maraɗi, kuma shi ne zai zama na farko da Bahaushe zai shiga a wata ƙasa ya sauka a wata, duk a cikin ƙasar Hausa. In ya yi gudun da na Abuja zuwa Kaduna ke yi, ɗan kasuwa zai iya yin Asuba a Kano, ya yi ciniki a Maraɗi, ya kwana a gidansa. Abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da suka koyi hanyar Lome dole a 2023 sun riga sun gane Kwatano ba ita kaɗai ce ƙofa ba, kuma wanda ya saba da sabon ɗan kamasho ba lallai ya dawo wa tsohon ba.

Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa tambaya, tun kafin a yanka ƙyalle, ba launin tarago ba ne. Nijar ta fice daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025, Najeriya na ciki. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku har sai an sake shawara, wanda ke nufin 'yancin zirga-zirgar ya rataya ne a kan sanarwa, ba a kan yarjejeniya ba. To idan jirgin ya iso Jibiya, a ina za a duba fasinja, a cikin tarago yana tafiya ko sai kowa ya sauko da kayansa? Sau ɗaya za a duba, ko kwastan su yi nasu, duwan su yi nasu a Dan Isa? Kwantenar da aka liƙe a Kano za ta isa Maraɗi da hatiminta? Mai buhu biyar na da wuri, ko jirgin na masu kwantena ne kaɗai? Da naira za a sayi tikiti ko da sefa, a kan wane canji? Waɗannan tambayoyin ne kuma za su taso a gadar Malanbil duk ranar da aka sake ɗauko fayil ɗin Paraku zuwa Doso, kuma wannan karon gara a ce masu albasa da masu dabbobi suna zaune a teburin, ba masu tirela kaɗai ba.